Ɗantala Mai Tiyo, Mutumin da Ke Yi wa Bango Sallama

Kowa a Gumel ya san kukan amalanken Ɗantala. Ana fitowa daga sallar asuba, mata na hura wutar koko, sai ka ji shi ta bayan katanga, ƙiii-ƙaƙaƙ, ƙiii-ƙaƙaƙ, kamar ƙofar da aka shekara ba a ɗiga wa mai ba. Jaki a gaba, duro-duron ƙarfe a kan amalanke, shi kuma a gefe yana tafe yana jan carbi, hula a karkace, wani tsohon cokali rataye a wuyansa da igiyar fata. Kududdufin bayan gari ya nufa. Can zai naɗe wando, ya ɗaura tsumman buhu a bakin duro, ya riƙa ɗiba da garwa yana tacewa, don a cewarsa ruwa mai yashi kashe inji yake yi, kuma yana kankare fuskar bulo. Kafin hantsi ya ɗaga ya cika, ya juyo da jaki, ya nufi gidan da aka kira shi.

Aikinsa wankin bango ne. Na san masu karatu na wasu garuruwa za su yi dariya, mu ma da farko mun yi. Katangar ƙasa muka tashi muka gani, ita kuwa ba a wanke ta, yaɓe ake yi mata. Amma tun da gyaɗa ta yi daraja, masu hali suka fara sauko da jan bulo a jirgin ƙasa zuwa tashar Gagarawa, daga can mota ta kawo musu. Shi jan bulo ranar da aka gina shi kamar ango. Bari damina ta bi ta kansa 'yan shekaru ka gani: baƙin gansakuka ƙarƙashin indararo, farar kanwa na tsattsafowa daga gindi, kashin tantabaru daga sama, gidan zanzaro a kowace kusurwa, ga tofin goro na masu zaman hira a ƙofar gidan da ba nasu ba. Sai gidan attajiri ya koma kamar bayan tukunya.

Ɗantala mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar. Da ƙuruciya ya yi aiki a tashar Gagarawa, yana wanke taragun da ake loda shanu. Da aka kawo sabon injin feshin ruwa aka sa tsohon a gwanjo, shi ya ɗauka. Mutane suka ce ya sayi wahala. Ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya mayar, ya samo tiyo mai tsawo, ya kai wa maƙeri guntun bututu aka buga masa baki ya yi faɗi. Ya raɗa wa injin suna Mai Tari, don sai ta yi tari kamar tsohuwar da ta shaƙi barkono kafin ta tashi. In ta tashi kuwa, ruwan da ke fita daga bakin tiyon nan, na ga ya tuntsurar da bunsuru. Ban ce ji na yi ba, gani na yi, kuma bunsurun maƙwabciyata ne, ya cancanta.

Da damina yana gona kamar kowa. Daga kaka har kududdufi ya ƙafe, shi ne lokacinsa. Gumel, Maigatari, Gagarawa, har gidajen ma'aikata na Sule Tankarkar, duk jakin nan ya taka.

In ya isa gida ba ya ta da inji nan take. Zai fara zagaya ginin hannu a baya. Ya sa a rufe tagogi, a janye awaki. Ya ɗauki fartanya ya ja 'yar kwata, don ruwan da zai gangaro ya tafi gindin dalbejiya, kada ya je ya kwanta a gindin katangar ƙasa ta talakan da ke maƙwabtaka. Sannan ya ciro cokalin nan daga wuya, ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, kunne a manne da bulo, ƙwas, ƙwas, taki kaɗan ya sake, ƙwas, ƙwas. Inda ya ji sauti ya canza sai ya tsaya, ya shafa, ya yi alama da gawayi. Nan ba zai matsa wa ruwa ba. Sai ya gama wannan duka yake cewa bisimilla ya ja igiyar Mai Tari. Ya fara shayar da bangon a hankali daga nesa, ya bar shi ya jiƙa, sannan ya matso, ya karkata bakin tiyo, ya biyo daga sama zuwa ƙasa layi-layi, ba ya taɓa saita ruwan kai tsaye cikin tsagar da siminti yake. Baƙin na sulalewa, jan na fitowa, mutane na "kai! kai!" kamar ana fiɗar rago.

Cokalin nan shi ya ja masa suna. Cindo mai shayi, wanda teburinsa ke bakin hanyar kasuwa, bakinsa kuwa ya fi shayinsa zafi, shi ya fara.

"Baba Ɗantala, yau bangon ya amsa sallamar?"

"Ya amsa, Cindo. Ya ce in gaishe ka, in ce ka rage ruwa a madara."

Daga nan yara da manya, Mai Sallama da Bango.

Abu biyu kowa zai shaide shi a kai. Shekarar farin nan da dabbobi suka yi ta faɗuwa a hanyar Maigatari, wani babban ɗan kasuwa ya aika masa ya zo ya wanke masa gida, zai yi baƙi, ya ce ruwan rijiya zai saya masa ko nawa ne. Ɗantala ya ce a gaya masa ba zai zuba wa bulo ruwan da ɗan Adam ke layi a kansa ba. Ya rufe Mai Tari da buhu, ya mai da duro-duronsa na jigilar ruwa zuwa unguwannin da rijiyarsu ta ƙafe. Matarsa Mairo ta ce shekarar nan jakin ya fi shi ƙiba.

Na biyun shi ne wanda ya fi ƙona mini rai. Mutum ne da ke hawa tsani a jikin manyan gidajen garin nan. Daga can sama tsakar gida a buɗe take, kowace tukunya, kowace shanya, wa ke magana da wa, wa ya ƙi gaida wa. Wallahi da ni Allah ya ba tsanin nan, da garin Gumel bai zauna lafiya ba. Shi kuwa kafin ya taka matakin farko sai ya ɗaga murya: "Mai wanki zai hau, a kimtsa!" In ya hau, idonsa a kan bulo har ya sauko. Taubashina ne, don haka ina da bakin tsokanarsa. Sau nawa na tare shi da fura mai sanyi?

"Ɗantala, jiya kana gidan wane. Me ka gano?"

"Bulo, Kande."

"Bayan bulo fa?"

"Siminti."

Ya shanye mini fura ya miƙo ƙwarya. Allah ya isa furata.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba. Labarin gidan Manu Dogo ne, kuma uwar gidan da kanta ta ce in rubuta.

Marigayi Manu Dogo mai sayen gyaɗa ne, mutum mai son a san ya isa, amma ba mugu ba, hannunsa a sake yake. Lokacin yaƙin basasa, ɗansa tilo Ilu yana soja, Manu ya tashi gina gidan jan bulo. Fuskar gidan a gaban kowa aka gina ta, mun sha kallo. Da aka zo bangon gabas, inda ɗakin matarsa Goggo Zinariya yake, sai ya sallami maginan garin, ya kewaye wurin da dogayen zana, ya ɗauko wani magini daga Damagaram wanda ba ya hira da kowa. Muka ce tsoron kambun baka ne. Da aka yaye zana, ga bango ja jawur, layi-layi, ba ka bambanta shi da na gaba. Maginin ya koma ƙasarsu. Manu ya ci 'yan shekaru a gidan, yana zama a ƙofa ana cewa gidan bulo na Manu Dogo, Allah ya karɓi abinsa.

Ilu ya bar soja ya shiga fataucin shanu, daga kasuwar Maigatari zuwa Kurmi, Allah ya buɗa masa. Yaro ne mai kirki da zafin kai, irin waɗanda ke yin alheri da tsawa. Ba ya zama a majalisa bai ambaci gidan ubansa ba: "Bulo ne tun daga tushe har sama, ko igwa ba ta huda shi." Bara waccan ya biya wa uwarsa kujerar Makka. Tana can, ya ce ba za ta dawo ta tarar da gida da baƙin gansakuka ba. Kowa na yi wa alhajinsa farar ƙasa da zanen jirgi a zaure, shi wanke gidan zai sa a yi gaba ɗaya, ya fito kamar ranar da aka gina shi. Bai gaya mata ba, so yake ta gani ta yi mamaki. Ya kira Ɗantala.

Fuskar gidan ba ta ba da wahala ba. Mai Tari ta yi tarinta ta tashi, unguwa ta taru, jan bulo ya fito yana sheƙi. Ilu na tsaye da babbar riga yana raba goro. Washegari aka zagayo bangon gabas, 'yan kallo suka biyo, har Cindo ya ɗauko butarsa ya matso da ciniki.

Ɗantala ya ciro cokali. Ƙwas ya saba ji. Nan sai ya ji dum. Ya matsa gaba ya sake. Dum. Ya miƙa hannu sama, ya sunkuya ƙasa, ko'ina dum, kamar ana buga cikin kabewa. Ya durƙusa a kusurwa kamar mai gyara takalmi, ya ba jama'a baya, ya sa bakin cokali ya ɗan sosa inda tsaga take. Ɓawon siminti ya ɓalle, bai kai kaurin faifai ba. A bayansa ƙasa ce, har da ciyawar da aka cuɗa ta da ita. Tubali ne. An yaɓe shi da siminti mai jar ƙasa, an bi da ƙusa an zana layin bulo ɗaya bayan ɗaya.

Nan ya gane komai. Ƙarfin Manu ne ya ƙare ginin bai ƙare ba, ya ƙi yarda gari ya sani. In ruwan Mai Tari ya taɓa bangon nan, ɓawon zai zube kamar ɓawon ƙwai, laka ta biyo baya, a gaban Cindo, a gabana, a gaban kowa. Kafin la'asar an kai labarin Maigatari: gidan bulon Manu Dogo ashe ƙasa ce ta sa riga. Mamaci ya zama abin dariya a majalisa, ɗansa ya rasa inda zai sa fuska a kasuwa, tsohuwa ta dawo daga ɗakin Allah ta tarar da ɗakinta a rushe da asirin mijinta a titi.

Ya danna ɓawon ya mayar, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe wurin, ya miƙe.

"Baba, a ja igiya mana, rana na yi," in ji Ilu.

"Mai Tari ba za ta yi wannan bangon ba."

"Ta lalace ne?"

"Na ce ba za ta yi ba. Da hannu zan yi shi."

"Da hannu? Bangon nan duka? Baba, in mai ne babu, a faɗa mini. In ƙari kake so, kai dai faɗi."

"Ba mai ba ne, ba ƙari ba ne. Ka bar ni da aikina, ɗana."

Cindo ya ce, "Jama'a, bangon ne ya ƙi amsa sallama, Baba ya yi fushi!" Aka kwashe da dariya.

Za ku ce me ya hana ya ja Ilu gefe ya raɗa masa? Na tambaye shi wannan daga baya. Ya ce, "Wanda ya gina bai gaya masa ba. Wadda ke kwana a ciki ba ta gaya masa ba. Ni da aka kira wanki, ni zan buɗe masa abin da ubansa ya tafi kabari da shi? Kuma Ilun da kika sani, in ya ji, a wurin zai yi ihun da za a ji a Gagarawa." Ƙarya kuma bai yarda ya yi ba. Da ya ce injin ya mutu, da an ƙyale shi. Bai ce ba. Ya zaɓi a kira shi mai taurin kai.

Ya kafa tsani. Tsintsiya mai laushi, tsumma, da ƙwarya ɗaya ta ruwa. Ya share, ya matse tsumma har sai ya daina ɗiga, ya goga layi ɗaya, ya matsa. Inda ya ga tsaga ya cike ta da abin da ya dama a gida ya ɓoyo a gwangwani, ya shafa jar ƙasa, ya bi da ƙusa ya mai da zanen. Wanda ke ƙasa gani yake goge-goge kawai yake yi. Mutum mai furfura, hannu a sama tun safe har rana ta yi ja, kwana da kwanaki.

Ilu ya gaji. Ranar saukar jirginsu Hajiya na matsowa, bango ko rabi bai kai ba. Ya tafi wurin masu aikin hanya ya yi magana da direban tankarsu ta ruwa, mai injin feshi wanda ya ninka Mai Tari ƙarfi. Da hantsi sai ga tanka ta shigo lungu tana ture rassan dalbejiya. Ranar ko tuwo ban ɗora ba, na ce wannan ba a ba ni labari.

Direban ya sauko, ya warware tiyo mai kaurin cinya. Ilu ya ɗaga kai.

"Baba Ɗantala, sauko. Na gode da abin da ka yi, hakkinka yana nan cif. Yanzu za a gama."

Ɗantala ya juyo a kan tsani, ya zauna a mataki, ya jingina bayansa da bango, ya ɗora ƙwaryar a cinya.

"Ba zan sauko ba."

"Gidan ubana ne fa!"

"Na sani. Don haka nake zaune."

"Za a jiƙa ka!"

"To, a wanke mu tare. Dama tun Juma'a ban yi wanka da sabulu ba."

Mata muka sa guɗa don tsokana. Ilu ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce hassada ce, tsoho ba ya son wani ya taɓa aikinsa. Ya ce zai kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce wa direba ya kunna. Direban, wani baƙo mai hankali, ya dubi tsohon da ke sama, ya dubi tiyonsa, ya ce, "Maigida, ni bango aka ce mini. Ruwan nan in ya bugi dattijon nan ya faɗo, ni za a ɗaure. Ku daidaita, ina da hanyar da zan jiƙa." Ya jira har rana ta take, Ɗantala ko motsi, sai jan carbi. Direban ya naɗe kayansa ya ja mota. Washegari dole Ilu ya kama hanyar Kano tarar mahaifiyarsa, ya tafi yana rantsuwa ba zai ƙara kallon tsohon nan ba.

Ɗantala ya ci gaba da gogarsa. A nan kafaɗarsa ta dama ta tafi. Mairo ta ce in ya dawo gida sai ta ɗaga masa hannu kafin ya iya cire riga. Ta tambaye shi dalili har ta yi fushi, ya ce mata bangon ne ba ya son ruwa.

Ranar da Hajiya Zinariya ta iso, unguwa ta cika, ana ta guɗa. Ta sauko daga mota cikin farin mayafi, sabon haƙorin Makka na walƙiya, tana murmushi. Ta ɗaga ido ta ga fuskar gidan ja jawur. Ilu ya ce, "Inna, na sa an wanke miki shi da inji, duka!" Ina kusa da ita, na ga murmushin ya ɗauke kamar an hure fitila. Ba ta shiga zaure ba. Ta ture masu rungumarta, ta tattare mayafi, ta zagaya gabas da saurin da ban san tana da shi ba. Muka ce ko fitsari ne ya matse ta. Na bi ta, amma ta ɗaga mini hannu, na tsaya daga nesa ina miƙa wuya a banza. Abin da suka ce sai bana na ji shi daga bakinta.

Bango na tsaye, tas, ko ƙwarzane babu. Ɗantala na ɗaure tsani a amalanke da hannun hagu. Ta dafa bangon, ta daɗe, sannan ta juyo.

"Malam Ɗantala, nan ma ka wanke?"

"Barka da sauka, Hajiya, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. Nan shafa shi na yi. Ba ya son ruwa."

"Ka gani ke nan."

"Na ji dai."

"Wa ka gaya wa?"

"Ni na yi masa sallama, shi ya amsa. Mu biyu ne a wurin."

Ta zauna a ƙasa da fararen kayanta. Ta gaya masa Manu yana ciwon ajali ya riƙe hannunta ya ce kada ta bari a yi masa dariya. Da ta ji abin da ya faru da tanka, ta ce za ta kira Ilu ta faɗa masa. Ɗantala ya ce, "Ki bar shi, Hajiya. Zagi ba ya rushe ni. Shi kuwa bangon nan magana ɗaya ta ishe shi."

Zagin kuwa ya sha shi. Aka ce tsufa ya taɓa masa kai. Aka ce Mai Tari ta mutu yana ɓoyewa. Wasu masu gidajen bulo suka daina kiransa, wai kada ya hau musu tsani ya ƙi sauka. Cindo ya samu abin yi, kullum amalanke zai wuce sai ya ce, "A wanke mu tare!" Ɗantala ya ɗaga masa hannun hagu ya wuce. Shekara biyu yana haɗiye wannan, ni taubashiyarsa ina zuba masa fura, ko uffan.

Bana kafaɗar ta ƙi gaba ɗaya, ba ya iya jan igiyar inji. Ya ce ya ajiye aiki. Labarin ya kai kunnen Hajiya Zinariya ana gobe sunan jikanta, ɗan Ilu na fari. Har da abin da wata ta ƙara, wai gara da ya ajiye, dama ya rikice. Ta aika a ce masa lallai ya zo suna.

An raɗa suna, an yanka rago, maza na zaune a inuwar bangon gabas ana rabon goro, mu mata muna leƙe ta zaure. Sai ga Hajiya ta fito da taɓarya a hannu. Tsohuwa, tsakiyar maza, ranar suna! Kafin wani ya ce me ke faruwa, ta ɗaga ta, ta sauke a jikin bango. Ɓawo ya zubo faifai guda. Ƙasa ta bayyana, ciyawa na leƙowa.

Kowa ya zuba wa ramin ido.

"Ku duba da kyau," in ji ta. "Cindo, matso, kai ne mai ido. Ƙasa ce. Maigidana ya gina gaba da bulo, ƙarfinsa ya ƙare, ya ƙarasa da abin da ubansa da kakansa suka kwana a ciki. Ya ji kunya, ya ce in rufe, na rufe. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini, amma shi ya riga ya isa inda dariyarku ba ta kai. Wannan bawan Allah kuwa da ransa kuke yi masa. Da ya bi maganar ɗana, da tuni ɗakina ya zama kududdufi. Ya ba da kafaɗarsa, ya ba da sunansa, don mutumin da ko shayi bai taɓa saya masa ba. Ba zai ajiye aiki da sunan mahaukaci ina numfashi ba."

Ilu ya tashi kamar wanda aka tasa daga barci. Ya je ya sa yatsa a ramin, ya murza ƙasar, ya daɗe yana kallonta. Muka ce yau za a ji ihun. Sai ya juya, ya tafi gaban Ɗantala, ya zube da babbar rigarsa a ƙasa.

"Baba, tanka na kawo maka."

"Ka kawo, ɗana. Uwarka kake so ta yi murna, ban ga laifinka ba. Tashi, riga za ta ɓaci."

Abin mamaki, ba wanda ya yi wa Manu dariya. Wani dattijo ma cewa ya yi, "Ashe shi ya sa ɗakin Hajiya ya fi ko'ina sanyi da bazara."

Shi gogan naku fa? Kuna tsammani godiya ya yi? Ya miƙe ya je ya duba ramin, ya girgiza kai.

"Haba Hajiya. Da baki kika faɗa ai ya isa. Kin san wahalar da layin nan ya ba ni?"

Washegari da sassafe muka ji ƙiii-ƙaƙaƙ. Ba duro, ba inji, sai gwangwani da ƙusa. Ya cike ramin da hannun hagu, ya shafa jar ƙasa, ya mai da zanen. Hajiya ta leƙo ta ce ya bar shi a buɗe, ai kowa ya riga ya sani. Ya ce sanin mutane daban, ruwan sama daban. Aikinsa na ƙarshe ke nan a garin Gumel.

Ɗantala na Mairo, yau kai nake wa magana, ko da na san sai an karanta maka za ka ce Kande ta cika surutu. Kai ne ka hau saman gidajen garin nan ka sauko ba ka ɗauko maganar kowa ba. Kai ne aka ba ruwa mai tuntsurar da bunsuru, ka san inda za ka sake shi da inda za ka riƙe. Kai ne ka zauna a kan tsani cikin rana kana kare mutuncin wanda ba zai taso ya gode maka ba. Mun kira ka mai taurin kai, ashe taurin nan ne ya riƙe bango. Mun gode. Allah ya ba kafaɗarka sauƙi, ya rufa maka asiri duniya da lahira yadda ka rufa na wani. Furar da ka sha mini kuwa na yafe, duk da ba ka biya ni da labari ko ɗaya ba.

Ku kuma samari masu tasowa, injuna na ta shigowa ƙasar nan, kowanne ya fi na jiya ƙarfi, za su zo hannunku. Mai Tari tana nan a zaurensa rufe da buhu, ya ce duk mai son koyo ya zo, ba ya son komai. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma wasu sun je sun dawo suna gunaguni: ba za ka taɓa igiyar injin ba sai ka iya cokalin.